Sauraren Injin Dizal da Wayar Hannu: Binciken Motar Daji da Gyara Mata Hali

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mai motar daji, watau irin su Land Cruiser da Hilux masu shan man gas, yake iya duba lafiyar injinsa da wayar hannu, da kuma iyakar da wannan dabara ta tsaya. Motar da ke ratsa rairayin Tenere daga Agadas zuwa Dirku, ko mai bin burtali da damina, ba kullum take kusa da gareji ba, don haka sanin ciwonta tun bai kwantar da ita ba abu ne mai daraja.

Asalin abin daga Amurka yake. Tun 1996 doka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da tsarin da ake kira OBD-II, wanda aka yi domin sa ido kan hayaƙi. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga na dizal. Tsarin yana da wata kafa mai haƙora 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake cusa ɗan ƙaramin mahaɗi, galibi mai bin ƙirar ELM327 ta wani kamfanin Kanada, shi kuwa ya yi magana da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner da OBD Fusion su ne ke fassara saƙon da ke fitowa daga na'urar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kowace mota tana da bakin magana. Injin 1HZ mai lita 4.2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990, famfonsa na ƙarfe ne tsantsa, kusan babu abin da waya za ta ji daga gare shi, kuma wannan sauƙin nasa ne ya sa direbobin hamada suka amince da shi. Injunan da ake nufi a nan su ne na baya, kamar 1KD da 2KD na Hilux, da 1VD mai silinda takwas na 2007, da 1GD na 2015, waɗanda ke tara mai a bututu guda da matsin da kan kai ba 1,600 zuwa sama, ƙwaƙwalwa kuma ta raba wa kowane nozul.

A ganina, babban amfanin manhajar yana wajen kallon injin yana cikin aiki. Allurar zafi da ke gaban direba, a motoci da yawa, an tsara ta ne ta zauna tsakiya muddin zafi bai kai ga haɗari ba, domin kada ta riƙa tayar da hankali. Ruwan lagireto zai iya hawa daga digiri 85 zuwa 100 ita tana nan daram. Ita kuwa waya lamba take bayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Direban da ke jan kaya cikin yashi mai laushi da ƙaramar giya, a zafin watan Afrilu, idan ya ga lambar tana hawa, yana da damar sassauta totur, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki, ya juya gaban mota wajen iska, tun kafin gasket ya ƙone. Haka yake iya kallon matsin mai, da ƙarfin tobo, da cajin batir. Zafin man giya kuwa, a motocin Toyota, sai an ƙara wa manhajar wasu lambobi na musamman kafin ta nuna shi, domin ba ya cikin abin da doka ta tilasta.

Sa'an nan akwai lambobin ciwo, waɗanda ke fitowa idan fitilar gargaɗi ta kama. Alal misali, P0087 tana nufin matsin mai ya yi ƙasa, P0299 tobo bai cika aikinsa ba, P0401 kuma hayaƙin da ake mayarwa cikin inji bai wadata ba. A nan ne mutane ke yin asara. Lamba alama ce kawai, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Wanda ya ga P0087 ya ruga ya sayi famfo mai tsada, mai yiwuwa matatar mai ce ta toshe da dattin man jarka. Share lambar ma ba magani ba ne. Fitila za ta mutu, ciwo yana nan. Amma sharewar tana barin sawu, domin gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta sukan koma farko, manhaja kuwa ta nuna ba su kammala ba. Mai sayen mota 'yar Kwatano da ya ga haka, ya san an taɓa wurin kwanan nan.

Idan aka zo ga sauya wa mota hali, sai magana ta yi nauyi. Mafi sauƙi shi ne ƙara girman taya. Wanda ya bar 265/65 R17 ya koma 285/70 R17 ya ƙara wa tayarsa kimanin kashi 7 cikin ɗari, don haka kilomita 100 a ma'aunin gudu ta zama kusan 107 a ƙasa, lissafin shan mai da na lokacin juye duk sun karkace. Waya tana bayyana wannan ta hanyar gwada gudun ƙwaƙwalwa da na tauraron ɗan'adam.

Wanda ya fi shi shi ne sake rubuta ƙwaƙwalwa domin ƙarin ƙarfi. Ɗan mahaɗin nan mai araha ba aikinsa ba ne, na'ura dabam ake nema. Ƙarfin kuwa daga ƙarin mai da ƙarin iskar tobo yake zuwa, kuma tare da shi zafin hayaƙi yake hawa. Fistin na sanholo ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, cikin abubuwan da ke tsare shi akwai man inji da ke sanyaya shi. Saboda haka wanda ya ƙara ƙarfi bai sa ma'aunin zafin salansa ba, tafiya yake a duhu, kulocinsa ma ba a yi shi domin wannan nauyi ba.

Saura batun da ya fi shafarmu. Tun daga ƙa'idar Euro 5 ta 2009, motocin dizal na Turai suna zuwa da matatar toka a salansa, wadda ke ƙone abin da ta tara da zafin kusan digiri 600. An ƙera ta ne domin man da farar wutarsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake kawo wa Afirka ta Yamma man da ya ninka wannan sau ɗaruruwa, sai a 2020 ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50. Irin wancan mai yana kashe matatar da wuri, shi ya sa makanikai da yawa kan fasa ta, su rufe wa ƙwaƙwalwa baki. Uzurinsu a fili yake, amma hayaƙin ba ɓata yake yi ba. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, a Ingila kuwa tun 2014 motar da aka cire wa matatar ba ta cin jarrabawar shekara. Kafin a kai ga guduma, manhajar da ta dace da motar tana iya nuna yawan tokar da ta taru da lokacin da ƙonawa ta fara, direba ya ci gaba da tafiya minti ashirin ko talatin bisa kwalta har ta gama, maimakon ya kashe inji a tsakiyar aikin.