Kula Da Babur A Gida

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ma'aikatan Kaduna magana a kan babur.

Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, akawu da malamin makaranta sun san darajar kowace kwalba. To, babur mai dattin fulogi, wanda ƙurar hunturu ta toshe wa matatar iska, shi ya fi shan mai. Gyaran wannan kuwa bai kai a nemi bakanike ba. Ran Asabar mutum ya kwance fulogi ya goge, ya wanke matatar, ya duba baƙin mai, ya ɗaure kaca ya ɗiga mata mai, ya gwada birki. Kayan aikin duk suna nan a Panteka.

Amma abin da na ga samari suna yi, su cire madubi, su huda salansa don ƙara, wannan ɓarna ce. Wanda ya hau Titin Ahmadu Bello ba madubi, ya sayar da ransa da araha. Cikin inji kuwa, a bar wa bakanike. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Haza wasalam.

Wani Akawu, Kaduna.