'Yar Murtala: Babbar Takardar Da Ta Zama Tarihi

A gidaje da dama na Sule Tankarkar da Gumel da Gagarawa, in aka buɗe akwatin tsohuwa ko tsohon gwangwani, akan tarar da wata takardar Naira 20 mai faɗi, da hoton soja a jikinta. Ita ce 'yar Murtala ta asali. An daɗe da daina buga ta, kuma ba mai karɓarta a kasuwa yau.

A ran 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo. Naira 2 ta tsaya a matsayin fam 1, shi ya sa har yanzu dattawa suke kiran Naira 20 fam goma. Takardun naira na farko ba su da hoton wani shugaba. Janar Murtala Muhammed, haifaffen Kano, ya hau mulki a 1975, aka kashe shi a Ikko ran 13 ga Fabrairu 1976. A Fabrairun 1977 aka fito da Naira 20 da hotonsa. Shi ne shugaba na farko da aka sa a takardar kuɗin ƙasar nan, kuma a lokacin babu takardar da ta fi ta girma. A 1979 aka sa Herbert Macaulay a Naira 1, Abubakar Tafawa Balewa a Naira 5, Alvan Ikoku a Naira 10.

To, me ya raba ta da darajarta? A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sāke launin takardun, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba mutane kwanaki kaɗan su kai tsofaffin banki. Hoton Murtala yana nan, amma tsohon launi ya daina ciniki. Masu sayar da shanu a kasuwar Maigatari, inda kuɗi yake shiga Nijar yana fitowa, sun ji a jikinsu. Wanda ya binne nasa a ɗaka bai ji labari da wuri ba, ya wayi gari da takardar banza.

Daga baya manya suka zo suka wuce ta: Naira 100 mai Awolowo a 1999, Naira 200 mai Sardauna Ahmadu Bello a 2000, Naira 500 mai Azikiwe a 2001, sai Naira 1,000 a 2005 mai hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin Nijeriya. A 2007 aka mai da Naira 20 ta leda, aka cire rubutun ajami. A ƙarshen 2022 kuma aka sāke launin manyan takardu uku, mutane suka sha wahalar kuɗi a farkon 2023.

Iyaye, ga abin lura. Ba hoto ne yake riƙe darajar kuɗi ba, hukuma ce da farashin kasuwa. Kada ku tara wahalar shekara a ƙarƙashin katifa. Ku ajiye a banki, ko ku sayi akuya ko hatsi, ko ku biya kuɗin makarantar yara tun da wuri.

Tsohuwar takardar kuwa kada a yar da ita. A nuna wa yara, a gaya musu wane ne mai hoton, da abin da ta saya a zamaninta.