'Yan Dakon da Ke Shigar da Kaya Cibiyar Ƙwayar Halitta

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma kusan kowace ƙwaya tana da cibiya a cikinta, in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini waɗanda ke zubar da tasu idan sun nuna. A cikin cibiyar nan ne DNA yake, wato kundin da ke ɗauke da umarnin ƙera kusan dukkan furotin na jiki. Sai dai ba a cikinta ake ƙera furotin ɗin ba, a wajenta ake yi. Ga shi kuma furotin masu yawan gaske aikinsu na ciki ne: masu naɗe DNA, masu kwafe shi, masu gyara shi idan ya lalace, da masu kunna wani umarni ko kashe shi. Dole duk waɗannan su sami hanyar shiga, alhali cibiyar tana kewaye da tantani mai ninki biyu.

Hanyar ita ce wasu ƙofofi da ke jikin tantanin. Ƙwaya ɗaya ta mutum tana da dubbansu, kuma kowace ƙofa gini ce babba da aka haɗa da furotin iri kusan 30, an jera su zagaye a sassa takwas masu kama da juna. Abin mamaki, tsakiyar ƙofar ba a wangale take ba. Cike take da zarurrukan furotin marasa tsayayyar siffa, masu ɗauke da wasu amino asid (tubalan ginin furotin) biyu, fenilalanin da gilaisin, suna maimaituwa nan da can. Zarurrukan suna sarƙewa su zama raga. Ƙananan abubuwa suna ratsa ragar da kansu, amma da abu ya haura faɗin nanomita 5 ko makamancin haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wucewa ta yi masa wuya. Nan ne ake buƙatar ɗan dako.

Masana sun fara gane alamar da ke jikin kayan kafin su gane mai ɗaukarsa. A 1982, a Kambirij ta Ingila, Colin Dingwall da Ron Laskey suna bincike da ƙwan wani kwaɗon Afirka, sai suka ga cewa idan aka yanke wutsiyar wani furotin da ke taruwa a cibiya, ya daina shiga ke nan. A 1984 kuma Daniel Kalderon da abokan aikinsa a Landan suka ware alamar daga furotin ɗin wani bairos na birai mai suna SV40. Amino asid bakwai ne kacal a jere, biyar daga cikinsu masu cajin lantarki na ƙari. Da suka canza guda ɗaya, furotin ya maƙale a waje. Da suka liƙa jerin a jikin wani furotin da ba ruwansa da cibiya, sai ga shi a ciki. Wannan ya dace da ra'ayin Günter Blobel na Jami'ar Rockefeller, cewa furotin yana ɗauke da adireshin inda za shi a jikinsa, ra'ayin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1999.

Sai a 1994 Dirk Görlich ya tsamo mai karanta alamar daga ƙwan kwaɗon nan, aka sa masa suna imfotin. Shekara guda bayan haka aka gane cewa su biyu ne ke aikin tare, alfa da beta, kuma ƙirar kowannensu ta yi daidai da aikinsa. Alfa doguwa ce mai ɗan lanƙwasa, an gina ta da sashe iri ɗaya da ya maimaitu sau 10, tana da kwari a gefenta na ciki mai cajin ragi, inda alamar kayan ke kwanciya ta manne. Tana kuma da wutsiya wadda ke lanƙwasowa ta toshe kwarin idan ba aiki, don kada ta kama abin da bai kamata ba. Sai beta ta riƙe wutsiyar nan sannan kwarin ya buɗe. Ita beta ta fi girma: amino asid 876, a sassa 19 da suka murɗe suka yi zagaye, tana iya buɗewa ko tsukewa gwargwadon abin da ta rungumo. Bayanta yana da guraben da ke taɓa fenilalanin na ragar ƙofa, taɓawa mai rauni, a kama a saki nan take. Da haka take kutsawa cikin ragar tana jan kayanta, ragar kuma tana rufewa a bayanta. An ƙiyasta cewa ƙofa ɗaya tana wucar da kaya kusan dubu a daƙiƙa guda. Mutum yana da alfa iri bakwai da dangin beta kusan 20, wasu na shigarwa, wasu na fitarwa, kuma da yawa daga dangin beta suna ɗaukar kayansu kai tsaye ba sai da alfa ba.

Abin da ya fi ƙayatarwa a tsarin nan, a ganina, shi ne ɗan dakon bai san gaba ba, bai san baya ba. Ƙofar ma ba ta tura kowa. Zai iya shiga ya fito da kayan a kansa sau da yawa. Abin da ke sa kaya su taru a ciki wani ƙaramin furotin ne mai suna Ran, wanda ke da hali biyu: ko yana riƙe da sinadarin GTP, ko yana riƙe da GDP. A cikin cibiya akwai wani furotin manne da DNA mai ɗora wa Ran GTP, a waje kuma akwai wani mai sa shi ya fasa GTP ɗin ya koma GDP. Saboda haka Ran mai GTP ya cika cibiya, a waje kuwa da ƙyar ake samunsa. Da zarar beta ta shigo ta ci karo da shi, sai ya cusa kansa cikin zagayenta, siffarta ta canza, ta saki alfa, alfa ta saki kaya. Beta ta fito da Ran a jikinta, a waje a fasa GTP ɗinsa ya faɗi, ita kuma ta koma neman sabon kaya. Ashe ƙarfin da ƙwaya ke kashewa ba a wajen ratsa ƙofa yake tafiya ba, a wajen tabbatar da bambancin nan ne tsakanin ciki da waje. A 1999 wani gwaji ya nuna cewa idan aka tara Ran mai GTP a waje, masu fitar da kaya sai su koma shigar da shi.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan talaka da wannan. Ruwansa cututtuka. Idan bairos ya shiga jiki, ƙwaya tana aika wani furotin mai suna STAT1 zuwa cibiya don ya kunna umarnin kare kai, kuma alfa ce ke ɗaukarsa. Bairos ɗin Ebola yana ƙera furotin VP24 wanda ke zama a daidai gurbin STAT1 a jikin alfa, saƙon ya kasa isa. An bayyana hoton wannan mannewa a 2014, shekarar da cutar ta shigo Legas ta kashe mutum takwas a Najeriya. HIV kuwa dabararsa ta fi haka. Bincike biyu da aka buga a 2024 sun nuna cewa ƙwanson da ke ɗauke da kundinsa yana da guraben kama fenilalanin, wato shi kansa ya zama ɗan dako, yana ratsa ragar. Allurar lenakafabir, wadda Amurka ta amince da ita a watan Yunin 2025 don rigakafin HIV sau biyu a shekara, tana toshe ɗaya daga guraben nan ne, ta dagula wa ƙwanson shigarsa da sauran ayyukansa. A fannin daji ma, maganin selinezo da aka amince da shi a 2019 don wani nau'in kansar ɓargo yana hana ɗan dakon fitarwa aiki, sai furotin masu hana ƙari yaɗuwa su zauna a cibiya.

Amma sanin tsari a ɗakin gwaji ba shi ne samun magani ba. Ibamektin, wanda aka daɗe ana rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan don cutar makantar da ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, an gano yana hana alfa da beta aiki a cikin kwalbar gwaji. A 2020 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka ga ya rage bairos ɗin korona a ƙwayoyin da aka raina a faranti, labari ya bazu, mutane suka dinga saye suna sha. Yawan maganin da aka yi gwajin da shi ya zarce abin da ake iya kaiwa a jinin mutum ba tare da illa ba, kuma manyan gwaje-gwajen da aka yi a kan marasa lafiya daga baya ba su nuna yana warkar da korona ba. Don haka idan ka ji an ce wani magani ya kashe ƙwayar cuta a ɗakin gwaji, tambayi ko an gwada shi a jikin mutane, kuma kada ka sha sai likita ya rubuta maka.