Siliniyom ba ya maye gurbin maganin HIV

Sau uku saƙon nan yana shigo mini ta WhatsApp cikin mako guda, na ƙarshe daga gwaggona da ke sayar da citta a kasuwar Kafanchan. "Ɗana, duba mini wannan, gaskiya ne?" Wai ƙwayar siliniyom tana warkar da cututtuka barkatai, har da maƙoƙo da sankarar mafitsara, kuma ko nawa ka sha jiki zai zubar da ragowar.

Akwai gaskiya a ciki. Jiki na buƙatar wannan sinadari, amma ɗan mitsitsi: maikirogiram 55 a rana ga babban mutum, ana kuma samunsa a kifi, ƙwai, nama da hatsi. Batun maƙoƙo, gishiri mai aidin ne kan gaba. Na sankarar mafitsara (prostate) kuwa, an gwada siliniyom a kan maza sama da 35,000 a Amurka da Kanada, aka dakatar da gwajin a 2008 don babu wata kariya da aka gani.

Abin da ya hana ni barci shi ne layin da ya ce mai ɗauke da HIV ya ajiye maganin asibiti ya koma shan siliniyom. Wanda ya rubuta wannan bai ji tsoron Allah ba. A Botswana an yi gwaji da mutum 878 da ba su fara shan maganin HIV ba, aka fitar da sakamako a 2013. Haɗin bitamin da siliniyom ya ɗan jinkirta raunin garkuwar jiki, siliniyom shi kaɗai bai tsinana komai ba, kuma ba wanda ya rabu da cutar. Duk wanda ya daina shan maganinsa, ƙwayar cutar za ta sake yaɗuwa a jininsa, tana iya ma bijire wa maganin idan ya dawo.

Zancen zubar da ragowa ma rabin gaskiya ne. Masana sun bi sawun sinadarin a jikin mutane, suka tsara lissafin tafiyarsa: daga hanji zuwa hanta, hanta ta saka shi cikin furotin da ke rarraba shi ta jini, ƙoda ta fitar da saura a fitsari. Idan furotin ɗin ya ƙoshi, ƙari ba ya ƙara amfani, wani nau'in ma taruwa yake a tsoka. Da ya yi yawa sai numfashi ya fara warin tafarnuwa, gashi ya riƙa bin matsefi, farce ya dinga karyewa. Hukumomin Amurka sun sa iyaka a maikirogiram 400 a rana. A can ɗin, a 2008, mutum 201 suka kwanta ciwo saboda wani ruwan ƙarin kuzari da siliniyom ɗinsa ya ninka abin da aka rubuta a kwalba kusan sau 200.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Mutumin da yake tasowa daga Kwoi ko Zonkwa karɓar magani, yana ɓuya kada wani sananne ya gan shi a layi, dole ya so a ce masa wahalar ta ƙare. Wannan gajiyar ce masu tallar suke ci da ita.

Ɗan'uwa, idan ka riga ka ajiye maganinka, koma asibiti gobe da safe, ka tafi da kwalbar siliniyom ɗin ka nuna wa likita. Gwaggo kuwa na ce mata ta goge saƙon, kada ta tura wa kowa.