Kotson Ɗanƙwairo a cikin na'urar yanka sauti

Uwargida, in ɗanki ya fara tambayar tsofaffin kaset ɗin babansa, wataƙila kiɗan kotso yake farauta.

Da kotso Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, haifaffen ƙasar Bakura, ya yi wa sarakuna waƙa har rasuwarsa a 1991. Haka ma Sa'idu Faru, mawaƙin Sarkin Kudu Macciɗo na Talata Mafara. A 1988, Ɗanƙwairo na da rai, kamfanin Akai na Japan ya fitar da MPC60, na'urar da ke naɗar guntun sauti ta ajiye shi a maɓalli, a riƙa buga shi da yatsa. Irinta matasa ke ɗura wa kotso.

Wuyar aikin tana wurin datsa. Sai an yanke daidai inda hannu ya sauka kan fata. In aka bar ɗan shiru a gaba, bugun zai riƙa makara. In aka datse wutsiyar da wuri, amon ya mutu, alhali a wutsiyar nan kotso ke magana, sa'ad da makaɗi ke matsa tsarkiya.

Daga nan sai a jera bugun, a kwafi jerin sau takwas ko goma sha shida, kowane zagaye tamkar na baya. A kunnena, nan aka yi hasara: makaɗan da kan ɗan ja, su ɗan saki, suna bin bakin jagora da 'yan amshi.

Ga kuma haƙƙi, domin masu kiɗan nan sun bar magada. Kafin yaron ya ɗora abin a YouTube, wa ya je Maradun ya yi sallama?