Wuta a Waje, Ɗumi a Ɗaka

A ranar 2 ga Fabrairun 1996, ma'aunin sanyi a kusa da garin Tower na jihar Minnesota a Amurka ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ba kullum ake kai wa haka ba, amma a arewacin wannan jiha da Wisconsin da Michigan da Maine, da faɗin ƙasar Kanada, ana kunna abin ɗumama gida tun daga Oktoba har Afrilu. Gidan da ɗuminsa ya ɗauke a tsakiyar Janairu, ruwan famfonsa zai daskare ya farfasa bututu kafin a ankara. A birane ana jawo iskar gas ta bututu har cikin gida. Mutanen karkara kuwa sai dai tanka ta kawo musu gas ɗin furofen ko man ɗumama gida, wanda ɗan'uwan dizal ne, kuma farashinsu ba ya da tabbas. A hunturun 2013 zuwa 2014 an yi ƙarancin furofen a jihohin tsakiyar Amurka, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Manomin da ke da daji a bayan gidansa, in ya dubi takardar kuɗin mai sannan ya ɗaga kai ya ga itatuwa, dole tunanin itace ya zo masa.

Daga nan ne tukunyar itace ta waje ta samu kasuwa. In ka hango ta sai ka ɗauka ɗan ƙaramin sito ne na kwano da gajeren bututun hayaƙi a kansa, an ajiye shi nesa kaɗan da gida, wani lokaci ƙafa 50, wani lokaci fiye da 100. A ciki akwai akwatin ƙarfe inda wuta ke ci, ruwa kuma ya kewaye akwatin, galan 150 zuwa 400 gwargwadon girman tukunyar. Wuta na dafa ruwan har ya kai wajen digiri 82, injin famfo ya tura shi ta bututun da aka binne a ƙasa zuwa cikin gida, ya sauke zafinsa, ya komo ta wani bututun a sake dafa shi. Da yawa daga cikin kamfanonin da suka yi suna a ƙera ta a ƙananan garuruwan arewacin Minnesota suke: Central Boiler a Greenbush, Heatmor a Warroad, WoodMaster a Red Lake Falls.

Abin da ke jan mutane a fili yake. Wuta ta bar cikin gida, haɗarin gobara ya ragu. Babu sauran jidar itace zuwa falo da dattinsa da ƙwarinsa, babu toka a kan kujeru. Bakin tukunyar na da faɗi, yana cin manyan gungume. Tukunya ɗaya kuma tana iya ɗumama gida da gareji da ɗakin dabbobi a lokaci guda.

To amma kusan duk mai sayen ta yana da abin ɗumama gidansa tun da farko, kuma mai hankali ba ya cire shi. Aikin shi ne a haɗa sabo da tsoho su yi zaman lafiya, kuma yadda za a yi haɗin ya danganta da irin tsohon.

Gidajen Amurka da yawa da iska mai zafi ake ɗumama su. Akwai murhun gas ko na mai a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da babbar fanka mai hura iskar ta cikin hanyoyin kwano zuwa kowane ɗaki. A irin wannan gida, ana yanka babbar hanyar iskar da ke saman murhun a cusa wani abu mai kama da lagireton mota: ruwan zafi na bi ta cikin siraran bututun tagulla, fanka na hura iska ta tsakaninsu, iskar ta ɗebi zafin ta wuce ɗakuna. Sai a ƙara na'urar daidaita ɗumi ta biyu a bango. Sabuwar, aikinta shi ne ta tada fanka kaɗai, ba tare da ta kunna gas ba. Tsohuwar kuma a saita ta ƙasa da sabuwar da digiri biyu ko uku, ta yadda in wutar itace ta mutu cikin dare gida ya fara sanyi, murhun gas zai kama da kansa. Wannan shi ne haɗi mafi sauƙi, kuma kuskuren da aka fi yi a cikinsa shi ne sayen ƙaramin abin da bai cika faɗin hanyar iskar ba, sai iska ta riƙa zillewa ta gefe tana isa ɗaki da sanyinta.

Inda gizo ke saƙa shi ne gidan da dama da ruwan zafi ake ɗumama shi, wato mai tukunyar gas ko mai a ciki, da bututun da ke zagaya ɗakuna ko ke shimfiɗe a ƙarƙashin daɓe. Mai gida zai ce, ai ruwa ne nan ruwa ne can, me zai hana a haɗe su kawai? Dalili shi ne tukunyar cikin gida a rufe take ruf, ruwanta na ƙarƙashin matsi, kuma iska ba ta shiga. Ta waje kuwa galibi a buɗe take, tana da ƙofar shaƙar iska a sama don kada tururi ya taru ya fasa ta. In aka haɗe su kai tsaye, matsin na ciki ya zube, ruwa na iya kasa hawa bene, sannan ruwan waje mai ɗauke da iska ya shiga cin ƙarfen tsohuwar tukunya da tsatsa. Saboda haka ake sa wata 'yar na'ura a tsakani, wadda ba ta fi a ɗauke ta da hannu biyu ba. Faranta ne siraran ƙarfe marar tsatsa aka jera aka manne, ruwan waje na bin wannan tsaga, na gida na bin ta kusa da ita, zafi ya ratsa ƙarfen ya haye, ruwayen biyu ba su taɓa gauraya ba. Ana sa ta a kan hanyar ruwan da ke komowa tsohuwar tukunya, sai ruwa ya iso mata da zafinsa, ita kuwa ta ga babu dalilin kunna wuta.

Wannan haɗi yana da wata ɗabi'a da ba kowa ke lura da ita ba. Zafi bai san gaba da baya ba, inda ya fi sanyi yake nufa. Ranar da wutar itace ta mutu tukunyar mai ta kama, zafin zai riƙa bin farantan nan yana fita waje, mai gida ya wayi gari yana ƙona man da ya saya da tsada don ɗumama galan ɗaruruwa a cikin dusar ƙanƙara. In tafiya ya yi, wannan alheri ne, domin shi zai hana tukunyar waje daskarewa. In yana gida ya yi sakaci ne kawai, asara ce. Ƙwararren mai haɗawa yakan sa na'urar da ke tsai da wannan komawa, ya bar hanyar buɗe ta in an so.

Ruwan wanka da wanke-wanke ma ana ɗora shi a kai, da wata ƙaramar na'urar a jikin tankin ruwan zafi na gida. Sai dai ruwan da ya doshi digiri 80 yana saɓule fata nan take, don haka dole a sa bawul mai sirka shi da ruwan sanyi ya sauko wajen digiri 49 kafin ya kai famfo, musamman gidan da ke da yara ko tsofaffi.

A ganina, babu inda ake tafka asara kamar bututun ƙarƙashin ƙasa, kuma dalilin bai wuce cewa ido ba ya ganinsa ba. Mutum ya kashe dubban daloli a kan tukunya, da aka zo kan bututu sai ya nemi sauƙi. Mai kyau bututun roba ne guda biyu a cikin kumfa mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, da ɓawo mai kauri a bayansa. Mai araha kuwa an naɗe shi ne da abin riƙe zafi an zura cikin babban bututun magudana. Shekara ɗaya ko biyu, ruwan ƙasa ya sami kafa ya shiga, abin naɗin ya jiƙe, daga nan zafi ƙasa yake tafiya. Alamar ba ta ɓuya: fili ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, amma ga wani layi a narke tun daga tukunya har bangon gida. Mai wannan gida zai yi ta loda itace yana mamakin inda zafin ke zuwa, gyara kuwa sai an jira bazara an sake tone ramin gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Faɗin bututun ma abin dubawa ne, domin siriri a tafiya mai nisa ba ya kai ruwan da zai ishi babban gida, komai ƙarfin wutar.

Akwai kuma ruwan da ke komowa. In gida ya tsotse zafinsa har ya sauka ƙasa da digiri 60, cikin akwatin wuta zai fara zufa, zufar ta haɗu da hayaƙi da toka ta zama abu mai cin ƙarfe. Shi ya sa ake sa bawul mai hana ruwa tafiya gida sai tukunya ta yi zafi sosai. Ana zuba maganin tsatsa a ruwan, a gwada shi duk shekara. Famfo da fanka kuma da lantarki suke aiki, don haka ranar da guguwar ƙanƙara ta kada turakun wuta, mai tukunyar itace ma sai ya tada janareta.

Batun hayaƙi shi ya ɓata wa wannan tukunya suna. Tsohon samfurinta yana aiki ne da shaƙe wuta: in ruwa ya kai zafin da ake so, sai ƙofar iska ta rufe, itace ya yi ta cin ciki yana turnuƙu. In ruwa ya huce ƙofa ta buɗe, hayaƙin da ya taru ya fito a dunƙule. Ga bangon akwatin wuta a kewaye da ruwa, wanda ke hana wutar yin zafin da za ta cinye hayaƙinta. Ga bututun gajere, yana sakin hayaƙi daidai tagar maƙwabci. Wasu kuma suka mai da ita juji, suna jefa ɗanyen itace da shara da katako mai fenti. Ƙura mai laushin da ke cikin wannan hayaƙi tana shiga can cikin huhu, tana tada asma tana wahalar da masu ciwon zuciya. Mai gida ya fitar da hayaƙi daga ɗakinsa ya aika wa na kusa da shi, kuma an sha zuwa kotu a kan haka. A 2005 ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar da rahoto a kan illar waɗannan tukwane, garuruwa da dama suka hana kafa su ko suka ƙayyade nisansu da gidan maƙwabta da tsawon bututunsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fara da yarjejeniyar ganin dama da masu ƙerawa a 2007, sannan a 2015 ta kafa doka a kan yawan ƙurar da sabuwar tukunya za ta fitar, ta ƙara tsananta ta a watan Mayun 2020. A wurare da dama, wanda zai kafa a yau sai ya nemi izinin ƙaramar hukumarsa, ya kuma sanar da kamfanin inshorar gidansa.

Sababbin tukwanen da suka cika sharaɗin dokar ɗakin wuta biyu gare su. A na sama itace ke gasuwa yana sakin hayaƙi, fanka ta danna hayaƙin ƙasa ta cikin garwashi zuwa ɗaki na biyu mai bangon bulo, inda yake kamawa da wuta a zafin da ke kai wa digiri 1,000. Abin da tsohuwar ke zubarwa a iska shi wannan ke mayarwa ɗumi, saboda haka itacen da take ci ya ragu ƙwarai. Amma tana da tsada, tana son a riƙa share ta, kuma ba ta yafe ɗanyen itace. Wanda aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ita kuwa tana son wanda ruwansa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A can ana auna itace da tari mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4, kuma babban gida mai tsohuwar tukunya na iya lashe tari 10 ko fiye a hunturu guda. Kowane gungume sai an sare shi, an jawo, an faskara, an jera, an rufe samansa, sannan a fita a loda safe da yamma ko ana zubar ƙanƙara. Itace mai tauri irin oak yakan ɗauki shekara biyu kafin ya bushe, ba kuma a ko'ina ake yarda a ɗauko na nesa ba, tun bayan da wani ƙwaro da aka gano kusa da Detroit a 2002 ya hallaka miliyoyin itatuwan ash, yana yaɗuwa ta cikin itacen wuta. Ke nan wanda ke son kunna tukunyarsa a Oktoba mai zuwa, kamata ya yi a ce faskarensa na jere a rumfa tun bazarar bara, tun kafin ya je wurin dillali ya tambayi kuɗin tukunyar.