2012: Shekarar da Ghana ta binne shugaba, ta kai rigimar zaɓe gaban alƙali

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan yana iya gaya maka inda yake a ranar Talata 24 ga Yuli, 2012. Azumi bai daɗe da kamawa ba, mata na haɗa kayan buɗa-baki, sai labari ya bazu a rediyo cewa shugaban ƙasa John Evans Atta Mills ya rasu a asibitin soja na 37 da ke Accra, kwana uku bayan ya cika shekara 68. Ghana ba ta taɓa rasa shugaba yana kan kujera ba sai ranar.

To, a yankinmu irin wannan labari ba baƙin ciki kaɗai yake kawowa ba, har da fargaba. A watan Maris na shekarar sojoji sun kifar da gwamnati a Mali, a Afrilu kuma aka yi haka a Gini Bisau. Maƙwabciyarmu Kwaddibuwa ma ba ta gama warkewa daga yaƙin da ya biyo bayan zaɓen 2010 ba. Amma a Accra, kafin dare ya raba, majalisa ta zauna, Alƙaliyar Alƙalai Georgina Wood ta rantsar da mataimakinsa John Dramani Mahama kamar yadda tsarin mulkin 1992 ya tanada. Babu tankar yaƙi a titi, babu sanarwar soja. Ranar 10 ga Agusta aka binne Mills, wanda jama'a ke wa laƙabi da Asomdwehene, wato Sarkin Zaman Lafiya. Gwamnan babban banki Kwesi Amissah-Arthur ya zama sabon mataimaki.

Sai dai mutanen zango sun riga kowa ɗanɗana ɗacin shekarar. A watan Yuni, a Hohoe da ke yankin Volta, taƙaddama kan binne mamata tsakanin masarautar Gbi da mazauna zango ta kai ga aka tono gawar limamin garin aka yar a bakin hanya. Samari suka fusata suka far wa fadar sarki. Ramuwar gayya ta biyo baya: aka ƙona shaguna da gidaje, aka yi asarar rayuka, mutane da dama suka gudu suka bar abin da suka shekara suna tarawa. Gwamnati ta sa dokar hana fita, ta tura jami'an tsaro. Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, duk da yawan shekarunsa, ya tafi can da kansa ya shiga tsakani. Bindigar soja ta tsayar da faɗan, amma zaman da manya suka yi ne ya sa mutane suka iya komawa gidajensu.

Watan Nuwamba ya zo da nasa. Ranar 7 ga wata ginin kantin Melcom da ke Achimota ya rufta kan ma'aikata, mutum 14 suka mutu, 'yan takara suka dakatar da kamfe suka je wurin. Kwana tara bayan haka, ranar Juma'a 16 ga wata, Alhaji Aliu Mahama ya rasu a asibitin Korle Bu yana da shekara 66. Shi ne Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, daga 2001 zuwa 2009 tare da John Kufuor, kuma har yau ana tuna shi da yaƙin da ya yi da rashin ɗa'a da ƙazanta. Ɗan NPP ne, amma gwamnatin NDC ce ta yi masa jana'izar ƙasa kafin a kai shi Tamale a binne. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Cikin wannan hali aka tunkari zaɓe. Ranar 27 ga Nuwamba, 'yan takarar shugaban ƙasa suka haɗu a Kumasi gaban Asantehene Otumfuo Osei Tutu II suka sa hannu kan alkawarin zaman lafiya. Nana Akufo-Addo na NPP, da Dokta Mahamudu Bawumia a bayansa, yana tallan karatun sakandare kyauta. Mahama kuwa wata huɗu kacal ya samu ya zaga ƙasa. A karon farko an yi rajista da zanen yatsa, doka kuma ta ce wanda na'ura ba ta tantance ba, ba zai jefa ƙuri'a ba. Ranar Juma'a 7 ga Disamba na'urorin suka ƙi aiki a wurare da yawa, har aka ƙarasa zaɓen washegari. Ranar Lahadi shugaban hukumar zaɓe Kwadwo Afari-Gyan ya sanar da sakamako: Mahama kashi 50.70 cikin ɗari, Akufo-Addo 47.74. Tazarar ƙuri'a dubu 325 da 'yan kai.

NPP ta ce ba ta yarda ba. Nan ne fa ake yin ta, domin a irin wannan gaɓa ce wasu ƙasashe suka kama da wuta. Ranar 28 ga Disamba, Akufo-Addo da Bawumia da shugaban jam'iyyar Jake Obetsebi-Lamptey suka shigar da ƙara a Kotun Ƙoli. Wata da watanni ana nuna shari'ar kai tsaye a talabijin, masu shayi da direbobin trotro suka koma lauyoyi, kowa na muhawara kan takardun sakamakon rumfuna. Ranar 29 ga Agusta, 2013, alƙalai tara ƙarƙashin William Atuguba suka tabbatar da nasarar Mahama. Akufo-Addo ya ce bai gamsu da hukuncin ba amma ya karɓa, ya kuma kira abokin hamayyarsa a waya.

Haƙurin nan bai faɗi ƙasa banza ba. A 2016 Akufo-Addo ya ci, Mahama ya miƙa mulki. A 2024 Mahama ya dawo, Bawumia kuma ya taya shi murna tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba. Mutanen dai su ne na 2012, kujera ce ke zagayawa a tsakaninsu.

Abin lura gare mu shi ne, manyan da suka faɗi zaɓe kotu suka nufa, kuma duk sun samu wata dama. Mai shagon da aka ƙona a Hohoe kuwa daga tushe ya sake farawa. Saboda haka idan lokacin zaɓe ya zo, ɗan siyasa ya shigo Nima ko Aboabo yana neman ƙarti masu jini a jika, ya kamata iyaye da malamai su tuna wa samari wannan shekara. Wanda ya aike ka gobe zai gaisa da abokin hamayyarsa a gaban kyamara. Kai da ka ɗauki sanda, wa zai je belinka?